Na hana a yi wa 'yata rigakafi: doka za ta iya kama ni?

Wani magidanci daga Gwagwalada ya rubuto mini cewa bai yarda da allurar rigakafi ba, ya kuma hana a yi wa 'yarsa mai wata takwas. Ma'aikatan lafiya sun ce za su kai ƙararsa, uwar yarinyar kuma tana so a yi. Yana tambaya ko akwai mai ikon tilasta masa.

Malam, ba zan raina damuwarka ba. Duk wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, ya san tsoron nan yana da tushe. Kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, yara 200 suka shiga, 11 suka rasu, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Sai dai Trovan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da ake gwadawa, ba rigakafi ba ne.

A kan jikinka kai, doka tana bayanka. A shari'ar Dakta Okonkwo, a 2001, Kotun Ƙoli ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da hakan zai kai shi ga mutuwa, ta dogara da sashe na 34 da na 35 na kundin tsarin mulkin 1979, waɗanda su ne sashe na 37 da na 38 a kundin 1999. Wannan 'yanci ma yana da iyaka, domin sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi saboda lafiyar jama'a, kuma Saudiyya ba ta karɓar maniyyaci ba tare da shaidar allurar sanƙarau ba.

Maganar yarinya daban ce. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 tana aiki kai tsaye a Babban Birnin Tarayya, inda kake zaune. Sashe na 13 ya wajabta wa iyaye su kammala rigakafin duk yaron da bai kai shekara biyu ba. Wanda ya ƙi, karo na farko tara ce da ba ta wuce naira 5,000 ba. Idan ya sake, ko a kan wannan yaron ko wani, ɗauri ne da bai wuce wata ɗaya ba. Kotu tana kuma iya ba da umarnin a yi allurar, a madadin hukuncin ko ƙari a kan hukuncin. Idan ka ce addini ko ra'ayi ne ya hana ka, da wuya ka yi nasara. A shari'ar Esabunor, a 2019, iyaye sun ƙi a yi wa jaririnsu ƙarin jini saboda aƙidarsu, Kotun Ƙoli ta ce ran yaron ya fi ra'ayin iyayensa nauyi. Masu karatu na jihohi, ku duba dokar jiharku, domin kowace jiha da tata.

Kotu kaɗai ke cin tara ko ɗaure mutum. Ma'aikacin lafiya ba shi da wannan iko. Amma kada ka zage su, kada ka ɗaga musu hannu, wannan wani laifi ne mai zaman kansa. Matarka kuma nauyin nan yana kanta kamar yadda yake kanka, idan ta kai yarinyar asibiti ba ta karya wata doka ba.

Shawarata, ka raka ta da kanka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba ka haƙƙin a yi maka bayani, don haka ka tambayi sunan allurar da abin da ka iya biyo bayanta. Ka riƙe kwalbar, ka duba ranar lalacewarta, ka ga an ɓare sabon sirinji a gabanka, a rubuta komai a katin yarinyar. Idan tana da wata larura da ta hana, likita ya rubuta maka takarda, ita ce za ta tsaya maka a gaban alƙali. Idan kuwa sakaci ya cutar da ita, katin nan da rahoton likita su ne hujjarka ta neman diyya.

Ni dai ina so a yi mata. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 ya fi kama yaran da ba su kammala rigakafi ba, kuma 'yarka saura wata ɗaya ta isa allurar ƙyanda. Ka kai ta a duba waɗanda suka wuce ta tun yanzu.