Amsa ga Baffa a Ringim kan kallo a waya ba data

Baffa, bayan gaisuwa da tambayar damina. Labarin da ya iso muku gaskiya ne, amma rabinsa aka kawo. Mu 'yan tsirarun Hausawan da ke zaune a Japan mun tarar ana kallon talabijin a waya ba a ci ko sisin data ba. Sunan tsarin 1seg, an fara shi a 2006.

Kowace tasha tana da faɗin zango na megahaz 6, an tsaga shi kashi 13. Sha biyu na talabijin ɗin ɗaki ne, ɗaya na tsakiya aka ware wa waya. Hoton ƙarami ne, ɗigo 320 a kwance, 240 a tsaye, ga rubutun labarai da hasashen yanayi suna biyo shi a ƙasa. Hasumiyar tashar kamar sankira take a kasuwa: magana ɗaya, ko mutum goma ne ko dubu goma, kowa ya ji. Eriyar kamfanin waya kuwa kowa sai ta auna masa nasa, shi ya sa ranar kasuwa intanet ke rarrafe. A girgizar ƙasar 2011, da layuka suka cushe, da wannan tsarin mutane da yawa suka ji labari.

Sai dai sankira ba ya karɓar saƙo. Hanya ɗaya ce, daga hasumiya zuwa gare ku. WhatsApp da tura kuɗi dole sai layin waya.

Batun a aiko muku da irin wannan wayar kuwa, kada ku yi asarar kuɗinku. Najeriya tsarin watsa talabijin na DVB-T2 ta ɗauka, na Japan ISDB-T ne, ba sa jin yaren juna. Kuma sai wayar tana da na'urar kama tasha a cikinta da 'yar eriya, galibi igiyar abin sauraro na kunne ce ke zama eriyar. iPhone ba ta taɓa sa ta ba, sababbin wayoyin nan Japan ma yawanci sun daina, don yara sun koma YouTube.

Ko da an dace da tsarin, hasumiyar talabijin ta gida da eriyar saman rufi, mai tsayin kamar mita 10, aka auna ƙarfinta. Waya a hannu, cikin ɗakin ƙasa mai rufin kwano, sigina ba ya isa gare ta sai ya raunana, hoto ya riƙa daskarewa. Abin da zai yi muku aiki yanzu shi ne dikoda, da eriya a kan dogon ƙarfe tana fuskantar hasumiya, da sola mai batir.

A gaida Inna da mutanen gida.