Kai Ma Ka Shiga Farauta?

Ɗana, saƙonka ya iso, na karanta wa Innarka ta yi ta dariya. Kai da ka tashi a Tudun Wada, zomo ma sai a kasuwa kake ganinsa, yau kai ne da karnuka biyu, har kana tambayata dalilin da ya sa Kakanku ya hana a jefa wa kare ɗanyen kai da kayan ciki, alhali abokan farautarka na cewa haƙƙinsa ne. Ni ma na dara, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Ina yaro, wata shekara bayan girbi, muka fita dajin bayan Kujama, ana hunturu, ciyawa duk ta ƙone. Rana tsaka sai ga dila a fili yana tangaɗi. Dila fa, malamin daji, ya gan mu ya ƙi gudu! Karen Baba, Kyale-su, ya cafke shi nan take, muka yi ta shewa. Yayanmu ya sare kan ya jefa masa, wai ladan aiki. Da Baba ya iso ya juya gawar da sanda, ya ga yawu ya jiƙa mata ƙirji, sai ya ce, "Banza ba ta kai zomo kasuwa." Ya sa muka haƙa rami muka binne, ko fatar bai bari an feɗe ba.

Bayan kamar sati uku Kyale-su ya daina cin tuwo. Ya shige ƙarƙashin rumbu, haushinsa ya dishe, yana gaigayar turmi har bakinsa na jini. Karen da ke kwana a ƙafata ya dube ni bai san ni ba. Baba ya ɗaure shi a gindin tsamiya, da asuba muka ji ƙarar bindiga. Kwana biyu ban ci abinci ba.

Ko cizo ne ya kama shi wajen kokawa, ko kan ne, Allah masani. Cutar haukan kare a yawu da ƙwaƙwalwa take zama, in ta bayyana kuma babu magani, ga kare ga mutum. Baba bai san sunan ƙwayar ba, cewa kawai yake, "Naman da wuta ba ta gani ba, karena ba zai gani ba." Mushe kuwa ko shinshinawa.

A 2006 da murar tsuntsaye ta ɓulla wajen Jaji, da idona na ga masu jefa wa karnuka matattun kaji. Ku 'yan yanzu kuma hoto da barewa a waya kuka iya. Allurar rigakafin haukan kare da ake yi a Vom, kusa da Jos, tana nan, sau ɗaya a shekara ake yi wa kare, mu a da ba mu same ta ba. An yi wa naka biyun? Ka zo ranar Juma'a da amsa, ka taho min da goro.