Manhajar adashe da rubutun "ba ruwanmu"

Tambaya: Barista, na ƙirƙiri manhajar waya ta adashe, kuma 'yan kasuwa sun fara amfani da ita a Kano. Tana karɓar suna, lambar waya, hoto da lambar asusun banki, tana kuma neman izinin shiga lambobin da ke cikin wayar mutum, saboda idan ya ƙi zubi mu tuntuɓi 'yan'uwansa. Na kwafo takardar tsare sirri, wato wadda ke faɗa wa masu amfani yadda za a yi da bayanansu, daga wata manhajar Amurka, na ƙara da cewa ba mu da alhakin duk abin da ya faru. Shin na tsira?

Amsa: Ƙanena, Allah ya sa albarka a sana'ar. Amma gaskiya ba ka tsira ba, kuma gara ka ji daga bakina tun kafin ka ji daga hukuma.

Tun ranar 12 ga Yuni, 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, duk wanda ke tara bayanan mutane a Najeriya yana ƙarƙashin Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, wato NDPC. Dokar ba ta ware ƙaramin ɗan kasuwa ba. Da zarar ka ajiye suna da lambar wata mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, amana ce ta hau kanka, kuma sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya riga ya ba ta haƙƙin sirrinta.

Abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarka shi ne maganar lambobin waya. Wanda ya shiga adashenka shi ya danna "na amince". Surukarsa ba ta danna ba, limamin unguwarsu bai danna ba, haka ma tsohon maigidansa da lambarsa ke cikin wayar. Da wane izini za ka kwashi lambobinsu, har ka kira su ka ce wane ya ci kuɗin adashe? Na taɓa zama da wani magidanci a ofis, ya miƙo min wayarsa hannunsa na rawa, yana nuna min saƙon da wata manhajar bashi ta tura wa matarsa da abokan aikinsa, da hotonsa a kai, an kira shi ɓarawo a kan bashin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Irin wannan tonon silili ne ya sa Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, ta dirar wa manhajojin bashi a 2022, kuma a 2023 Google ta hana su leƙa lambobi da hotunan mutane a Najeriya. Ka cire wannan izinin yau. Idan tsaron kuɗi kake nema, kowane ɗan adashe ya kawo mai tsaya masa mutum ɗaya, shi kuma mai tsayawar ya amince da kansa, a rubuce.

Takardar da ka kwafo kuwa, rigar aro ce. An ɗinka ta a kan dokokin Amurka da kuma abin da waccan manhajar ke yi. Idan ta ce ba a ba kowa bayanai, alhali manhajarka tana tura su ga kamfanin biyan kuɗi ko na talla, to ka rubuta shaida a kanka da hannunka. Doka tana so ka faɗa a fili: wane ne kai da inda za a same ka, me kake karɓa, don me, wa kake ba, tsawon wane lokaci za ka riƙe, da yadda mutum zai nemi ganin bayanansa, gyara su, goge su ko janye amincewarsa. Idan rumbun da kake ajiye bayanan yana ƙasar waje, ka faɗa. Shawarata ka rubuta ta da Hausa ma, domin amincewar wanda bai fahimci abin da ya karanta ba ba ta da ƙarfi.

Shi kuma "ba mu da alhaki" yana da iyaka. Za ka iya cewa ba ka lamunce wa kowa cewa sauran 'yan adashe za su yi zubi ba, ko cewa manhajar na iya tsayawa idan intanet ya ɗauke. Wannan daidai ne, muddin ka sa shi inda ido zai gani kafin a yi rajista. Amma ba za ka iya wanke kanka daga mummunan sakaci ba, dokar kare masu saye ta 2018 ta hana, kuma babu rubutun da zai ɗauke maka nauyin tsare bayanai. Idan aka yi kutse da zai iya cutar da mutane, awa 72 gare ka ka sanar da NDPC. Tara ga ƙaramin mai tara bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manya kuma miliyan 10 ko kashi 2, ban da diyyar da wanda aka cutar zai iya nema a kotu.

Ka bincika ko yawan masu amfani da manhajarka ya kai matakin da dole ka yi rajista da NDPC, kuma kada ka karɓi wanda bai kai shekara 18 ba sai da izinin iyayensa. Sannan akwai abin da ba ka faɗa min ba: kuɗin adashen a asusun wa yake kwana? Idan a naka ne, maganar ta shiga hurumin Babban Bankin Najeriya, kuma wannan sai ka zauna da lauya da takardunka kafin ka ƙara karɓar ko kwabo.