Annoba ko Siyasar Neman Tafi: Wacce Ta Fi Karya Mai Jari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Daura, ina sayar da atamfa da shadda. A 2020 da aka kulle garinmu saboda korona, kayan da na saro suka zauna a shago, ga bashi a wuyana. Yanzu na farfaɗo, ina so in ƙara jari, amma gabana yana faɗuwa. Shin annoba ce ta fi karya ɗan kasuwa, ko shugabannin da ke yanke hukunci don talakawa su yi musu tafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya mayar da alheri. A ganina na biyun ya fi haɗari, domin annoba takan ɗaga, amma hukuncin da aka yanke don neman suna akan daɗe ana biyan kuɗinsa.

Ba na raina ɓarnar korona. A Afrilun 2020, watan da aka kulle Daura, farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas, har gwamnatin tarayya ta sauke ƙiyasin farashin gangar mai a kasafin kuɗinta daga dala 57 zuwa 28, tattalin arziƙin ƙasar kuma ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari tsakanin Afrilu da Yuni. Sai dai ka tuna, tun a Agustan 2019 aka rufe iyakoki da sunan kare manomin shinkafa, garuruwan kan iyaka irin su Jibiya da Kongolom suka yi tsit, motoci suka jeru da kaya a kansu, kuma ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Niyyar tana da kyau, amma an yi abin ba shiri, shinkafar kuma ta ƙara tsada a kwanon talakan da aka ce ana karewa.

A Turkiyya, Shugaba Erdogan ya dage sai an rage kuɗin ruwa alhali kaya suna tashi, hauhawar farashi ta haura kashi 85 cikin ɗari a Oktoban 2022, masu jari da dama suka kwashe dukiyarsu. Abin da ke korar mai jari shi ne ya kwana da doka ɗaya ya tashi da wata.

Saboda haka ka ƙara jarin, amma da kuɗin hannunka, ka guji bashin da sai an yi cinikin Sallah za a iya biyansa. Ka ajiye wani kaso a hatsi ko dabbobi, sannan ka bar abin da zai riƙe iyali wata uku ko da shago yana rufe.