Amsa ga ɗan'uwan da sigarsa ta yi fumfuna

Ɗan'uwa, ka ce ka sayo tabar siga, wato cigar, babbar tabar nan da ake naɗewa da ganyen taba, guda 5, cikin sati 2 sun yi laushi har fari-fari ya fito a jikinsu, kana tambayar wacce sabon shiga zai fara da ita da yadda ake adanawa. Wallahi kamar ni na rubuta.

Tawa ma ta fi taka muni. Wani da muke haɗuwa wajen mai tsire a Obalende, nan Legas, kullum cikin kwat, ya ce ƙaninsa na aikin jirgin ruwa, ya taho masa da Cohiba, shahararriyar tabar siga, daga Kyuba. Akwati mai murfin gilashi, sai sheƙi yake. Na biya har da godiya! Ashe Cohiba ta gaskiya ba ta zuwa a akwatin gilashi. Da na kunna ɗaya na ji ɗaci, sai na sa reza na tsaga wata: ɓurɓushin ganye, kara, har da zare. Na kira shi, ya ce wai ni ne ban iya sha ba. Wannan maganar ta fi kuɗin yi min ciwo. Har yau in ya hango ni sai ya ɗago hannu yana murmushi. Na bar shi da Allah.

Ka rabu da ta Kyuba tukuna. Nemi ta Jamhuriyar Dominika mai ganyen waje mai haske, wanda ake kira Connecticut, girman robusto, wajen inci 5. Saya ɗai-ɗai a shago, ka ɗan matsa da yatsa, in ta yi laushi kamar burodi ka bar ta. Kada ka ja hayaƙin zuwa ƙirji, kuma kada ka sha da yunwa, ni jiri ya taɓa zaunar da ni a bakin titi. Taba dai taba ce, uwargida kullum tana tuna min, kuma gaskiyarta.

Bayanan Turawa kan bushewa suke magana, mu a Legas laima ce ke kashe mu. Siga na son laima 65 zuwa 70 cikin 100, damina kuwa nan tana haura 80. Roba mai murfi da ke rufewa gam, da fakitin Boveda mai lamba 65, ɗan ƙunshin da ke daidaita laima, sun wadatar. In fumfunar ta shiga bakin da ake kunnawa, ko ta yi kore, jefar. In fara ce a sama kawai, goge, ka ware ta.

Ka kuma duba ko akwai ƴan ramuka kamar na allura. Ƙwaron taba ne, zafi ke ƙyanƙyasar da shi. In ka ga ramukan, don kashe ƙwaron ƙulle tabar a leda, kwana 1 a firji, kwana 3 a firiza. Ni da na yi aka ɗauke wuta, sai gidan maƙwabcina mai janareta na kai, na ce masa kilishi ne.