Amsa ga ɗan'uwan da aka gayyata kwana a bakin tafki a Alaska

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa don kada in amsa maka a gurguje. Ka ce abokan aikinka uku sun gayyace ka kwana 4 a watan Yuli, a wani ɗakin katako na gwamnati da ke bakin tafki kusa da Juneau, babban birnin jihar Alaska, wurin da ba hanyar mota, sai jirgin sama mai sauka a kan ruwa. Kana son sanin ko akwai haɗari, me za ka riƙe, kuma yaya za ka yi da salla da abinci. Ni a jihar Washington nake zaune, kuma sau biyu na yi irin wannan tafiya zuwa tafkin Hasselborg da ke tsibirin Admiralty, ɗaya a watan Yuni, ɗaya a farkon Satumba. Shawarata ita ce ka je. Amma ka yi shirin kwana 6 ko 7, ba 4 ba, domin ranar dawowa ba a hannunka take ba, ba a hannun matuƙin jirgin take ba. Abin da zan fi tsayawa a kai ke nan.

Bari in fara da ɗakin, don kada ka sa rai da abin da babu. Waɗannan ɗakuna na hukumar kula da dazuzzukan Amurka ne, a cikin dajin Tongass, wanda girmansa ya kusa eka miliyan 17, kuma akwai irinsu sama da 100 a warwatse. Ana kama su a shafin intanet na Recreation.gov, ana buɗe ranaku wata 6 kafin lokaci, masu kyau kuma nan da nan ake wawashe su. Wasu daga cikin na bakin Hasselborg tun shekarun 1930 aka gina su. Abin da za ka tarar: gadajen katako masu hawa biyu ba katifa, tebur, benci, murhun ɗumama ɗaki, tsintsiya, masai a can bayan ɗaki, da ƙaramin jirgin ruwa na ƙarfe da filafilansa a kife a bakin tafki. Ba wuta, ba famfo, ba sabis na waya, ba mai gadi. Wasu ɗakunan murhun itace gare su, wasu na mai. Namu na mai ne, kuma kai za ka zo da man a jarka. Ka sa abokanka su karanta bayanin ɗakinku da kyau, domin wanda ya ɗauko gatari ya tarar da murhun mai, sanyi zai sha.

Kuɗin ɗakin kansa kaɗan ne. Jirgin ne ke cin kuɗi, domin tafiya huɗu kuke biya: ya kai ku, ya koma fanko, ya zo fanko, ya dawo da ku. Mu Beaver muka shiga, jirgin da kamfanin de Havilland na Kanada ya fara ƙerawa a 1947 ya daina a 1967, amma har yau shi ne jakin wannan yanki. Kada tsufansa ya tsorata ka, ana kula da su sosai. Kafin ku shiga za a auna kayanku, a tambayi nauyin kowa. Ka faɗi gaskiya. Ƙarar injin ba ta barin hira sai da abin kunnen da za a ba ka. Daga Juneau zuwa tafkin kimanin rabin sa'a ne, tsakanin duwatsu, ƙasa-ƙasa, har kana iya ganin farin kan gaggafa a saman bishiya. Saukar ta fi yadda na zata laushi: ƙafafun jirgin masu kama da kwale-kwale biyu suka taɓa ruwa, feshi ya rufe taga, sai muka ji muna lilo a hankali. Matuƙin ya kashe inji, ya fito ya tsaya a kan ƙafar jirgin, muka riƙa miƙa kaya hannu da hannu muna tsaye cikin ruwa iya ƙauri.

Abin da ban shirya masa ba shi ne tashin jirgin. Muna tsaye da tarin kaya a kan tsakuwa, ya yi gudu a kan ruwa, ya ɗaga, ya ɓace bayan dutse, ƙararsa ta yi ta raguwa har ta ƙare. Sai shiru. Ni da na tashi a gidan yawa, cikin kukan awaki da dakan turmi da kiran salla daga masallatai uku, ban taɓa jin irin wannan shirun ba. Ina jin ɗigar ruwa daga ganye. Ina jin numfashin abokina. Gabana ya ɗan faɗi, na yi ta maimaita hasbunallahu a zuci, kafin can hankalina ya kwanta.

To, ga maganar ranar dawowa. A tafiyar Satumba mun yi da matuƙi zai ɗauke mu ranar Alhamis da ƙarfe 10 na safe. Tun asuba muka naɗe kaya, muka share ɗaki, muka fito da komai bakin ruwa. Hazo ya sauko ya zauna a kan tafkin, ko tsallaken ba ma gani, ga yayyafi mara yankewa. Muna da ƙaramar na'urar nan ta Garmin inReach mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, sai ga saƙo daga ofishin jirgin cewa yau ba za a tashi ba. Juma'a ma haka. Sai Asabar da la'asar gari ya ɗan buɗe muka ji ƙarar inji daga nesa. Waɗannan ƙananan jirage da ido ake tuƙa su. In matuƙi ba ya ganin ratar da ke tsakanin duwatsu, ba zai shiga ba, kuma gaskiyarsa ce. A watan Agustan 2021 wani Beaver ya faɗi a yankin Misty Fjords kusa da Ketchikan cikin gajimare, mutum 6 suka rasu. Don Allah kada ku matsa wa matuƙi, kada ku ce masa ai kuna da jirgin Seattle da za ku kama. In ya ce ba yau ba, ku ce masa mun gode.

Kwana biyun nan su suka koya mini komai. Abinci bai yanke mana ba, domin na saba da sayen shinkafa fiye da buƙata, kuma ina da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino a ƙasan jaka. Amma man murhu ya kusa ƙarewa, sai da dare kawai muke kunna shi. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne ɗaya daga cikinmu mai shan maganin hawan jini ya ƙirgo ƙwayoyinsa daidai da kwanakin tafiya. Na ga yadda yake juya kwalbar a hannunsa ranar Juma'a da safe ba komai a ciki, yana ƙoƙarin kada mu lura. Allah ya tsare, amma har yau in na tuna raina na ɓaci da ba mu tambayi juna tun a gari ba. Saboda haka magani, man murhu, gas na girki, batir da abinci, duk ka ƙara na kwana 3. Kada ka sayi tikitin komawa gida na ranar da za a ɗauko ku. Ka gaya wa maiɗakinka tun kafin ka tafi cewa jinkirin kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka saba, domin wanda ke gida ya fi wanda ke daji shan wahalar jira. Na'urar saƙon nan kuwa ko haya ce ku yi, ba abin wasa ba ce.

Yanzu beyar, wato babbar dabbar dajin nan da ake kira bear da Turanci, tunda na san ita ce ke ranka. Mutanen Tlingit, 'yan asalin yankin, waɗanda garinsu Angoon ke kan tsibirin Admiralty, suna kiransa Kootznoowoo, wato ganuwar beyar. An kiyasta akwai jar beyar wajen 1,600 a can, kusan ɗaya a kowane murabba'in mil. Ni dai sau ɗaya na ga ɗaya da idona, can nesa a bakin rafi. Amma wata safiya na fita alwala na tarar da sawunta a cikin laka, taku kaɗan daga ƙofa. Faɗin sawun ya fi tafin hannuna a buɗe, ga alamar farce biyar a gaba, ruwa yana kan tsatsowa yana cika ramin, alamar ba ta daɗe da wucewa ba. Ba mutane take nema ba, hanci ne da ita. Duk abin da ke da ƙamshi, har man goge baki da turarenka, ya kwana a rufe cikin ɗaki. Kifi a gyara shi nesa da ɗaki, a jefa kayan cikinsa a ruwa mai zurfi. Shara ku ƙulle ku dawo da ita gari. In za ku shiga daji ku tafi tare kuna magana da ƙarfi don kada ku yi kiciɓis, in kuma kun haɗu kada kowa ya ruga. Barkonon feshi na beyar ku saya a Juneau, domin ba a shiga babban jirgi da shi, kuma ku nuna wa matuƙin ƙaramin jirgin. A cikin ƙafar jirgin yake ajiye shi don kada ya fashe a inda kuke zaune.

Amma ni a ganina ruwa da sanyi sun fi beyar haɗari. Dajin ruwan sama ne, ko a Yuli zafin rana ba ya wuce digiri 17 ko 18 a yawancin ranaku, ruwan tafkin kuma kamar ƙanƙara. Kayan auduga irin waɗanda muka saba da su, in suka jiƙe ba sa bushewa, sai su riƙa zuƙe ɗumin jiki. Ka nemi na ulu, da rigar ruwa da wandonta, da dogon takalmin roba irin Xtratuf da kowa ke sawa a can. Ka ware kaya busassu saiti ɗaya a leda, na barci kawai. Rigar hana nutsewa ku zo da taku, kada ku shiga jirgin ruwan ba ita, domin iska kan taso da rana tsaka tafki ya rikice cikin 'yan mintuna. Ruwan sha a tafasa ko a tace komai haskensa, akwai ƙwayar giardiya mai sa gudawa. Sauro da wasu ƙananan ƙudaje masu cizo suna nan a Yuli, ka riƙe magani da ragar fuska.

Batun salla na so a ce wani ya gaya mini tun farko. Alƙibla a can kusan arewa sak take, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas, ba gabas ba kamar yadda jikinmu ya saba. Allurar kamfas kuma a yankin tana kauce wa ainihin arewa zuwa gabas da abin da ya kusa digiri 20, don haka ka ɗan karkata hagu da inda ta nuna. A watan Yuni rana na yin sama da sa'a 18 a sama, kuma bayan ta faɗi haske ba ya gushewa daga gefen arewa har gari ya waye. A Yuli ma kusan haka za ka tarar. Malamai suna da bayani kan yadda ake ƙaddara lokacin isha da asuba a irin waɗannan wurare, ka tambayi limaminku, ka rubuta lokutan a takarda tunda waya za ta mutu. Ruwan alwala ka ɗora shi a murhu tun da dare. Abokan tafiyata ba Musulmi ba ne, amma da na yi musu bayani sau ɗaya, su da kansu suke matsar da benci su ba ni wuri.

Abinci kuwa ba wuya. Ka ɗauki tukunyarka da cokalinka in kana gudun haɗa girki, ka riƙe shinkafa, taliya, man gyaɗa, yaji, shayi, da dambun nama in za a yi maka a gida. Akwai kifi a tafkin, amma sai ka sayi lasisin kamun kifi na jihar Alaska, ka kuma karanta dokar ruwan da za ku, domin akwai iyakar girma da ta yawa, kuma a wurare da dama an hana sa tana ko wani abinci a ƙugiya. Kifin da muka soya da yaji a daren farko, muna zaune a bakin ƙofa, wani tsuntsun ruwa yana wani irin kuka mai tsawo daga tsakiyar tafki, ban manta ɗanɗanonsa ba.

A kan teburin za ka ga littafin da baƙi ke rubutu a ciki. Ka karanta shi a daren farko. A nan muka san inda kifi ke taruwa, da cewa ɓera na shigowa ta bayan murhu, da ranar da aka ga beyar da 'ya'yanta biyu a hanyar masai. Mu ma da za mu tafi muka rubuta kwanakin da hazo ya riƙe mu, muka bar ashana a cikin kwalba a kan taga. Ka turo mini sunan ɗakin da suka kama, in na san tafkin in gaya maka abin da na sani a kansa.