Lauyana ya daina zuwa kotu, ina zan kai ƙararsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ɗauki lauya kan rikicin filin da mahaifinmu ya bar mana, na biya shi kuɗinsa cif. Ana ta kiran shari'ar ba ya zuwa, har alƙali ya kore ta. Yanzu ba ya ɗaga wayata, ga takardun filin a hannunsa. Akwai inda ake kai ƙarar lauya? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Akwai, 'yar'uwa, amma ki fara ceto filin tukuna. Ki je wurin magatakardan kotun ki nemi kwafin umarnin da alƙali ya bayar. In don rashin zuwa aka soke ƙarar, sabon lauya zai iya roƙon a maido da ita, kuma kotunan Najeriya sun sha cewa ba a ɗora wa mai ƙara laifin lauyansa. In kuwa Babbar Kotu ta yanke hukuncin ƙarshe ne, wata 3 kike da shi na ɗaukaka ƙara, don haka kada ki yi sanya.

Sannan ki rubuta wa tsohon lauyan naki wasiƙa ki nemi takardunki, ki sa a sa hannu an karɓa, ki ajiye kwafi. Tunda kin gama biyansa, ba shi da hujjar riƙe su.

Mai hukunta lauyoyi shi ne Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, wato LPDC, wanda ke zama a Abuja. Kina iya shigar da kokenki ta hannun shugaban Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, reshen garinku. Ki haɗa da takardar rantsuwa, da rasitin biya ko shaidar tura kuɗi ta banki, da saƙonnin da kika yi ta aika masa, da bayanan zaman kotu na ranakun da bai je ba. Waɗannan bayanan su ne ƙashin bayan kokenki, domin kwamitin da hujja yake aiki. Idan laifi ya tabbata, zai iya ja masa kunne, ko ya dakatar da shi, ko ya sa a cire sunansa daga rajistar lauyoyi ta Kotun Ƙoli. Yana kuma iya umartarsa ya maido da kuɗi da takardu.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda mutanenmu ke cewa "na bar shi da Allah" su koma gida, gobe ya yi wa wata marainiyar haka. Abin yana ɗaukar lokaci, gaskiya ne, amma ki daure ki kai.